Matsayin Mata a Tarihi da Adabin Hausa

Duk ɗalibin da ya karanta tsofaffin littattafan Hausa da muke koyarwa a aji zai lura da abu guda: maza ne suka rubuta su, kuma maza ne jarumawan da ke cikinsu. Mace tana nan, amma sau da yawa daga bakin ƙofa take, ana magana a kanta ita kuwa ba ta cewa uffan. Wannan ya sa wasu suke zaton haka abin yake tun fil azal. Bari mu waiwayi tarihi mu gani, gama yadda mace take fitowa a labari ya danganta ƙwarai da wanda yake riƙe da alƙalami.

Labarin asalin Hausa Bakwai kansa da sarautar mata ya soma. An ce sarauniyoyi ne suke mulkin Daura har lokacin da Bayajida ya kashe macijin rijiyar Kusugu ya auri Daurama, daga nan sarauta ta koma hannun maza. Sai kuma Amina ta Zazzau. Littafin Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, wato tsakanin 1421 da 1438, ko da yake wasu masana suna sa ta a ƙarni na 16. Ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, kuma Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Makarantar 'yan mata ta mishan da ke Kakuri a Kaduna, wadda a da ake kira Queen of Apostles, sunanta aka sa mata bayan gwamnati ta karɓe ta. Amma abin lura shi ne, ba mu da ko kalma ɗaya da ta fito daga bakin Amina. Abin da maza suka rubuta a kanta ne kaɗai ya iso gare mu.

Ga Nana Asma'u kuwa, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793, labari ya sha bamban, gama ita da hannunta ta yi rubutu. Ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Mahaifinta ya riga ya zargi malaman da suke koyar da almajirai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Asma'u ta ɗauki wannan magana ta mai da ita aiki. Ta san matan aure na ƙauye ba za su iya barin gida su zo Sakkwato ba, sai ta zaɓi dattijan mata masu hankali ta naɗa kowace ta zama jaji. Jajin takan zo tare da 'yan mata ƙanana, su haddace waƙoƙin, su koma su koya wa matan da ke cikin gidaje. Su ne ake kira 'Yan Taru. Alamar jaji ita ce malfa, irin wadda Inna ta Gobir, shugabar bori, take sawa a da. A ganinmu wannan dabara ce ta malamar ƙwarai: ta karɓi abin da mata suka riga suka sani suke girmamawa, ta ba shi sabon aiki. Duk da haka, ba a tara ayyukanta wuri guda aka buga ba sai a 1997, da ƙoƙarin Jean Boyd da Beverly Mack.

Da boko ya zo, ba a ba mata alƙalaminsa da wuri ba. A 1933 Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a Zariya, inda aka sami Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Babu mace ko ɗaya cikin marubutan, kuma ba abin mamaki ba ne, gama 'yan matan da suka shiga makaranta a Arewa a lokacin ba su taka kara sun karya ba. Mu dubi matan da ke cikin littattafan. A Jiki Magayi, Zainab ce sanadin komai, amma labarin na Abubakar ne da Malam Shehu, da fansar da ɗaya ya nema a kan ɗayan. A Shaihu Umar, mahaifiyar Umar ta ƙetare hamada tana neman ɗanta, ta faɗa cikin bauta, ta rasu jim kaɗan bayan ta gan shi. Babu wanda ya kai ta jaruntaka a littafin nan, amma sunan ɗanta ne a bango.

Muryar mace ta gida ta fara shiga takarda ne ta wata hanya dabam. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa mai suna Baba, mutuniyar Karo, tana rubuta abin da take faɗa. Littafin ya fito da Turanci a 1954, bayan rasuwar Baba. Ita ba ta iya karatu ba. Ta yi aure sau huɗu, ba ta haihu ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi. Ta ga harin bayi da idonta, ta ga zuwan Turawa. Daga bakinta muke jin yadda mata suke kaɗi da saƙa da ƙananan sana'o'i su tara abin kansu, da yadda ƙawance yake riƙe mace a ranar wahala. Binciken da mijin Mary, M. G. Smith, ya yi a ƙasar Zazzau ya nuna wani abin da ba kowa ya zata ba: bayan an hana bauta, kulle ya ƙaru ne a ƙauyuka, domin noma a da aikin bayi mata ne, don haka zama a gida ya zama shaidar cewa mace 'ya ce. Ashe ba kullum ne tafiyar take miƙewa gaba ba.

Haka ma a siyasa. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen 1959, na Arewa kuwa sai a 1976 aka ba su wannan dama, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU sun sha ɗauri da duka a kan maganar.

Shekara huɗu bayan haka, a 1980, aka buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ake ɗauka shi ne ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. A cikinsa yarinya ce, Boɗaɗo, take zaɓen wanda take so ko da yake ba ƙabilarsu ɗaya ba. A 1984 Zaynab Alkali ta fito da The Stillborn da Turanci. Sai ƙofa ta buɗe a Kano, mata suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu ana sayarwa a kasuwa.

Cikinsu, wadda ta fi cancanta mu tsaya a kanta ita ce Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar shekara goma sha, daga baya ta nemi ilimi a ajin manya. A littafinta Wa Zai Auri Jahila? an cire Abu daga makaranta aka aurar da ita ga tsoho, Sarkin Noma. Ta gudu, ta koma karatu, har waɗanda suka raina ta suka dawo suna bukatarta. A Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe yaran. Da dukiyar Alhaji ta ƙone, sai dangi suka matsa mata ta koma ta yi jinyarsa. Marubuciyar ba ta yi wa wannan komawa ado ba, ta bar mai karatu da ɗacin abin. Ga kishiya, ga saki, ga kuɗin cefane, abubuwan da littattafan 1933 suka wuce ta gefensu, yanzu su ne tsakiyar labari.

Ba kowa ya yi murna ba. An raɗa wa waɗannan littattafai suna Adabin Kasuwar Kano, aka ce suna ɓata tarbiyya, har a 2007 aka ƙone wasu a bainar jama'a a Kano. Gaskiya ne akwai masu rauni a cikinsu, an rubuta su cikin gaggawa ba a gyara ba. Amma ba mu tsammanin rauni ne kaɗai ya jawo musu fushi. A 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi. A 2016 kuma Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata zalla, kuma labarin da ya fara cin gasar, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar 'yan gudun hijira ne waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu.