Jijiya, Agara da Gashin Ƙashi: Matsalar Suna a Jinyar 'Yan Wasa a Abuja

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2003 aka buɗe babban filin wasa na ƙasa a Abuja, domin gasar wasannin ƙasashen Afirka karo na takwas. Ban da masu tsere da 'yan ƙwallon da ke atisaye a can, akwai kuma 'yan damben Dei-Dei, waɗanda da Hausa suke faɗin ciwonsu. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda wasu kalmomi biyu kan karkatar da irin waɗannan majinyata daga jinyar da ta dace da su.

2.0 Jijiya da Agara

Idan ɗan wasa ya ce "jijiyata ke ciwo", bai faɗa wa likita abu guda ba. Kalmar jijiya ta ƙunshi hanyar jini, da zaren da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, da abin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa, da kuma igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi. Alhali kuwa Hausa na da kalmar agara, wadda mahauta ba su taɓa mantawa da ita ba, kuma ita ce ta dace da ma'ana ta huɗu, musamman igiyar da ta sauko daga sharaɓa zuwa dunduniya.

Ciwon agara ba targaɗe ba ne. Targaɗe farat ɗaya yake aukuwa a gaɓa, shi kuwa wannan sannu a hankali yake shiga, sakamakon maimaita gudu ko tsalle fiye da ƙima. Alamarsa ita ce sagewa da zafi a takun farko na safiya. Da yake jinin da ke isa agara kaɗan ne, warkewarta kan ɗauki watanni.

3.0 Gashin Ƙashi

Wannan shi ne sunan da jama'a suka laƙaba wa sashen da ke wannan jinya a asibiti. Sunan ya samo asali ne daga gashi da ruwan zafi irin na gida da na maɗora, saboda haka majinyaci kan zo da tsammanin a gasa, a yi tausa, ya tashi. Amma a ciwon agara ƙashi lafiyarsa lau, gashi kuma lafar da zafi kawai yake yi.

Ginshiƙin jinyar shi ne ɗora wa agara nauyi daki-daki. A 1998 Alfredson da abokan aikinsa a ƙasar Suwidin suka bayyana wata hanya: majinyaci ya tsaya a bakin matakala bisa yatsunsa, ya riƙa sauke dunduniya a hankali, sau 180 a yini, har mako 12. Ɗan zafin da ake ji a lokacin ba alamar ɓarna ba ne. To, wanda aka ce masa gashi za a yi, in ya ga an sa shi hawa da sauka, sai ya ɗauka ba a fara magani ba, ya daina zuwa, ya koma fili da ciwonsa, wani lokaci har agarar ta tsinke, sai an yi tiyata.

Ana jin wasu na cewa fisiyo, amma aron bai bayyana wa Bahaushe komai ba. "Jinyar motsa gaɓɓai" ta fi kusa da aikin, ko da yake tsawonta na iya hana ta shiga bakin jama'a.