Takarar R da SAS a Ƙofar Hukumar Magunguna ta Amurka

Tsakure

Maƙalar ta dubi takarar da ke tsakanin buɗaɗɗiyar manhaja da manhajar da kamfani ya mallaka, ta hanyar misali guda: yadda ake miƙa sakamakon gwajin magunguna ga hukumar FDA da ke Silver Spring. An nuna cewa rinjayen kamfanin SAS ya dogara ne a kan sigar fayil da sabo da tsoron ɗaukar alhaki, fiye da yadda ya dogara a kan doka.

Gabatarwa

Hedikwatar Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, wato FDA, tana unguwar White Oak a Silver Spring, jihar Maryland, arewa da birnin Washinton. Duk kamfanin da ke son sayar da sabon magani a ƙasar sai ya miƙa mata bayanan gwajin da ya yi a kan mutane, sannan masana ƙididdiga na hukumar su sake lissafin da kansu. Wanda ya san abin da gwajin Trovan na 1996 ya bari a Kano ba ya buƙatar a gaya masa nauyin wannan aiki. Abin tambaya shi ne: da wace manhaja ake lissafin?

Shekara da shekaru amsar ita ce SAS, hajar wani kamfani da aka kafa a 1976, mai mazauni a Cary, jihar Karolina ta Arewa. Rufaffiyar manhaja ce: mai amfani da ita yana biyan kuɗin lasisi duk shekara, kuma ba ya ganin rubutun umarnin da aka gina ta da shi. Kishiyarta ita ce R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara ginawa a Jami'ar Auckland a farkon shekarun 1990, sigarta ta 1.0 ta fito a Fabrairun 2000. Lasisinta na GPL ya ba kowa damar karanta rubutun, ya gyara, ya rarraba, da sharaɗin ya bar wa na bayansa irin wannan dama.

Mazubi, ba doka ba

A 1999 FDA ta fitar da jagorar miƙa takardu ta kwamfuta, ta kuma zaɓi sigar fayil ta SAS mai suna XPORT, kashi na 5, a matsayin mazubin bayanai. An wallafa ƙa'idojin sigar a fili, saboda haka kowace manhaja tana iya rubuta ta. Amma sunan SAS na jikinta, kuma a ofisoshin kamfanoni magana ta rikiɗe ta zama cewa hukumar SAS kaɗai take karɓa. Mazubin kansa tsoho ne ƙwarai: sunan ginshiƙin bayanai ba ya wuce harafi 8, bayaninsa ba ya wuce 40, rubutun cikin gurbi kuma ba ya wuce 200. Shi ya sa har yau ake datse sunaye su koma kamar AEDECOD, waɗanda sai ɗan gida yake gane su.

A Mayun 2015 hukumar ta fitar da gajeriyar sanarwa cewa ba ta wajabta wata manhaja ta musamman ba; abin da take so shi ne a bayyana wadda aka yi amfani da ita da sigarta, a kuma iya nuna ingancinta. Ya kamata a ce magana ta ƙare a nan, amma ba ta ƙare ba, domin sharaɗin ingancin shi ne gagarabadau. Idan an sami kuskure a SAS, akwai kamfanin da za a nuna wa yatsa. R kuwa tana da dubban ƙunshe-ƙunshe da mutane daban-daban suka rubuta, kuma lasisinta ya faɗa ƙarara cewa babu garanti. Manajan da aka kashe wa maganinsa miliyoyin daloli yana da hujjar yin ɗari-ɗari, ko da yake manhajar da ake iya karantawa ta fi sauƙin bincike a kan wadda aka ce a yarda da ita kawai.

Mafitar ta zo ne daga kamfanonin magunguna da kansu. A ƙarƙashin ƙungiyar R Consortium, wadda aka kafa a 2015 a inuwar Gidauniyar Linux, ma'aikatansu sun haɗa takardun gwaji da R, da bayanan da ba na sirri ba, suka miƙa wa FDA a Nuwamban 2021. Masu bita sun sake lissafin, suka nemi gyare-gyare, aka yi. An ɗora rubutun a GitHub don kowa ya gani, dandalin da Microsoft ya saya a 2018 a kan dala biliyan 7.5, alhali a 2001 shugabansa Steve Ballmer ya kamanta Linux da cutar daji.

Ga manazarci a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, wanda lasisin da ake biya da dala ya fi ƙarfin aljihunsa, ma'anar wannan a fili take: kayan aikin da ya sauke kyauta an karɓi irinsa a White Oak. Sai dai mazubin bai sauya ba tukuna. A 2023 ƙungiyoyin CDISC da PHUSE, tare da FDA, sun fara gwada sabuwar siga mai suna Dataset-JSON. Kafin a amince da ita, mai aiki da R yakan ɗauki wani ƙunshi kamar haven ya zuba sakamakonsa a fayil ɗin kishiya, sannan ya aika.