Dara da Wasan Yaƙi na Kan Tebur

Malamai da akawuna na Gusau da Tsafe da Bungudu sun san dandalin dara: gindin itace bayan la'asar, gida 30 a haƙe a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na abokin karawarsa. Yaƙi ne sosai, sai dai ba a zub da jini.

Turawa ma suna da irinsa. A 1824 wani hafsan sojan Jamusawa, Reisswitz, ya fito da wasan yaƙi bisa taswira, runduna biyu, ja da shuɗiya, da alƙali a tsakani. A 1913 H. G. Wells na Ingila ya buga littafin dokokin wasa da 'yan sojojin dalma. Yau masu wannan wasa kan kafa kulob, su zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji, su biya kuɗin wata, su kama ɗaki, su tsai da ranar haɗuwa.

Abin da ya ƙayatar da mu cikin tsarinsu shi ne littafin dokokin nan da alƙalin. A dandalinmu 'yan kallo ne alƙalai, mutum goma baki goma. Baƙo daga Tsafe ya zauna wasa a Bungudu, sai gardama ta kaure a kan jerin huɗu, ya ci ko bai ci ba, har a watse ba a gama ba.

Saboda haka muna roƙon kowane hedimasta ya gayyato dattijon da ya ƙware, a rubuta dokoki daga bakinsa, a naɗa malami guda alƙali, sa'an nan makarantun garuruwan uku su kara.