WASAN KORIYA YA ƘARE DA ƊINGISHI

Ran 27 ga watan Yuni, 2025, kamfanin Netflix ya fito da kashi na uku, watau na ƙarshe, na wasan kwaikwayon nan na Koriya ta Kudu da a ke kira Squid Game. Mun kalli sassansa shida duka, muka ga farkonsa ya ƙayatar ƙwarai, amma da tafiya ta yi nisa sai ya soma ɗingishi.

Ga wanda bai san tushen labarin ba, mutum 456 ne waɗanda bashi ya yi wa kanta a ke kwasa a kai wani tsibiri, a sa su wasannin yara. Wanda ya faɗi a harbe shi. Kowane ɗan wasa an yi wa ransa kuɗi, won miliyan 100, jimla won miliyan 45,600. Mai shirya wasan, Hwang Dong-hyuk, ya ce ya ɗauko asalin jarumin, Gi-hun, daga yajin aikin ma'aikatan kamfanin mota na Ssangyong a 2009, sa'ad da aka sallami mutane masu yawa.

Inda kashin nan ya fi ƙarfi shi ne wasan ɓuya. Aka raba jama'a biyu, waɗansu aka ba su wuƙaƙe, waɗansu mabuɗai. Mai wuƙa in bai kashe wani ba kafin lokaci ya cika, shi za a kashe. Cikin wannan tashin hankali wata yarinya, Jun-hee, ta haihu, tsohuwa Geum-ja ta karɓi haihuwar. Ana nan sai ga ɗan tsohuwar na cikinta ya shigo da wuƙa, lokaci ya kusa ƙure masa, ba wanda ya rage gabansa sai mai jego. Uwar ta zaro 'yar wuƙar da ke cikin tsinken gashinta ta soki ɗanta. Daga baya ta rataye kanta. Lalle a cikin kashi ukun nan ba mu ga wurin da ya kai wannan taɓa zuciya ba, domin mun san matar, mun san irin wahalar da ta sha a kan yaron nan.

To, daga nan ne abin ya fara lalacewa. Waɗanda mai kallo ya shaƙu da su suka mutu da wuri, aka bar mu da waɗansu mazaje da ko sunansu ba mu riƙe ba. Ɗan sanda Jun-ho kuwa ya ɓata kashi biyu cur yana yawo a teku yana neman tsibirin, alhali tun ƙarshen kashi na biyu mai kallo ya san matuƙin jirginsa maci amana ne. Da ya isa, ihu bayan hari ya yi. Attajiran nan masu rufe fuska, masu caca da rayukan mutane, maganarsu ba ta da gishiri ko kaɗan. Jaririyar ma, a wurare da dama ido na gane aikin kwamfuta ce.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Labari guda Hwang ya rubuta, da ya yi tsawo aka yanka shi biyu, sashe bakwai suka fito a Disamba, 2024, shida suka jira wata shida. Kashin ƙarshe bai sami nasa sababbin mutane ba, sai dai ya yi ta cinye waɗanda ya gada.

Amma game da mutuwar Gi-hun, wadda mutane da yawa suka yi fushi da ita, mu muna bayan Hwang. Bayan kowane wasa a kan jefa ƙuri'a, a tsaya ko a ci gaba, kullum kuwa masu rinjaye su zaɓi ci gaba, har suka yarda a kashe jaririya don rabonsu ya ƙaru. Da ya rage daga Gi-hun sai ita a kan hasumiya, dole ɗaya ya mutu, ya ajiye ta ya faɗa. Da an sama masa wata dabara ya tsira, da an ƙaryata duk abin da aka nuna mana tun 2021.

Jaririyar ta ci kuɗin, aka tarwatsa tsibirin da nakiya. Shugaban wasan ya tafi Los Angeles ta Amurka ya kai wa 'yar Gi-hun sauran dukiyar ubanta. A hanya ya hangi wata Baturiya, Cate Blanchett ce ta fito a matsayinta, tana wasan buga takarda da wani matalauci a lungu, tana shararo masa mari, kamar yadda aka yi wa Gi-hun a tashar jirgin ƙasa ta Seoul kafin a kai shi tsibirin.