Motar Wasa Mai Injin Gaske

A Tibiri, ƙasar Arewa, yara kan ƙera motar kara. A Amurka kuwa, manya ke tuƙa ƙaramar mota da rimot. Wata irinta, T-Maxx, wadda kamfanin Traxxas ya fitar a 1999, ba ruwanta da fetur, metanol take sha haɗe da naitiro.

Ƙara mata ƙarfi aikin allurar kafireta ne. A rage mai kaɗan, inji ya ɗau kuka, gudu ya ƙaru. A zarce, ya yi zafi ya ƙone. Kowane bakaniken babur ya san haka.

Don kada ta kife a kwana, ana zuba mai mai kauri a shokoba. In an kai ta yashin Dallol Mauri na yankin Tibiri kuwa, sai faffaɗar taya, da wanke matatar iska a kai a kai.