Hutu a Gida: Yadda Ake Shirya Ziyarar Tafkin Madarunfa

'Yan uwa mazauna Kano, Abijan ko Faransa, in kun zo ganin gida ba sai an je tsibiran Zanzibar ba kafin a shiga kwalekwale. Ga Tafkin Madarunfa nan kusa da mu 'yan Ɗan Issa. Tun 2006 Nijar ta sa tafkin, da dajinsa, da kushewun waliyyai 99 cikin jerin wuraren da take son UNESCO ta amince da su.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga kaka zuwa sanyi: ruwa ya cika, zafi ya sauka, tsuntsaye baƙi sun iso. A yi sammako, a ziyarci kushewun cikin ladabi, sannan a nemi masunta. A yi ciniki tun a gaɓa, kuma kada a cika wa kwalekwale mutane. A hana yara wanka, don ruwan da ba ya gudu yana kawo tsargiya.

Wajen kwana, wanda ba shi da dangi a garin gara ya kama ɗaki a otel a Maraɗi, ya taho da gidan sauro. Masu shigowa ta Jibiya su riƙe katin shaida, su canza naira zuwa sefa.

Babban abu shi ne tsaro. Yankin iyaka na fama da 'yan bindiga, saboda haka a tambayi mutanen gari labarin hanya, a koma masauki kafin magariba. Allah ya kiyaye hanya.