Abin da ya kamata mai mota ya sani kafin ya kwance dashbod a gida

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, riƙe mota ya zama ɗawainiya mai nauyi a Najeriya. Kayan gyara, waɗanda galibi daga ƙetare ake shigo da su, sun yi tsada, haka ma kuɗin aiki a gareji. Wannan ya sa wasu masu motoci ke ɗaukar sufana da sukudireba su tunkari gyara da kansu a ƙofar gida, musamman da yake bidiyoyin koyarwa sun yawaita a intanet.

Daga cikin ayyukan da ake ganin kamar masu sauƙi ne akwai kwance dashbod da robobin da suka lulluɓe cikin mota. A ido, aikin bai wuce ɓalle roba da kwance noti ba. Sai dai a bayan robar akwai jakar iska mai ɗauke da sinadari mai fashewa, da bututun gas, da tarin wayoyin da ke tafiyar da motar. Kuskure a nan na iya jikkata mai aikin nan take, ko kuma ya ɓuya, ba za a gane ba sai ranar da haɗari ya auku. Don haka akwai bukatar sanin iyakar abin da za a iya yi a gida, kada garin neman gira a rasa ido.

Dalilan da ke sa a kwance

Babban dalili shi ne na'urar sanyaya mota. Ɓangarenta da ke sanyaya iska, wanda kanikawa ke kira ebaporeta, yana cikin wani akwati ne a can bayan dashbod. Idan ya huje, gas ɗin da aka ɗura zai riƙa zurarewa cikin 'yan kwanaki ko makonni, kuma a motoci da yawa ba a kaiwa gare shi sai an sauke dashbod baki ɗaya. A cikin akwatin kuma akwai ɗan ƙaramin lagireto mai ɗumama iska, wanda ruwan inji ke bi ta cikinsa. Idan shi ya fashe, kafet kan jiƙe, gilashin gaba ya yi hazo, a riƙa jin wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi.

Zafin rana ma na da nasa. Masu Toyota Camry ƙirar 2007 zuwa 2011 sun san yadda saman dashbod ɗinta ke narkewa, ya yi danƙo da ƙyalli, har haskensa ya riƙa dukan gilashi yana kashe wa direba ido. Sauran dalilan sun haɗa da ɓera da ya ci wayoyi ko ya mutu a bututun iska, da ruwan ambaliya da ya kwanta a cikin mota.

Amma matsaloli da dama ba sa bukatar wannan babban aiki. Matatar iskar cikin mota, wadda ƙurar hunturu ke toshewa, a yawancin motocin Japan tana bayan aljihun dashbod ne na gefen fasinja, kuma ana sauya ta cikin 'yan mintuna. Fankar da ke huro iska ita ma galibi tana ƙarƙashin aljihun. Ruwan da ke taruwa a ƙafar fasinja sau da yawa toshewar ɗan bututun zubar da raɓar na'urar sanyi ne kawai. Rediyo da agogon gudu kuwa kowanne na fita ta gaba idan aka ɓalle robar da ta kewaye shi. Aikin farko ke nan shi ne tabbatar da inda matsalar take.

Jakar iska

Duk inda aka ga haruffan SRS a sitiyari, ko saman dashbod, ko gefen kujera, ko ginshiƙin da ke gefen gilashin gaba, to akwai jakar iska a ƙasansa. Idan mota ta yi karo, kwamfutar da ke kula da jakar kan aika 'yar wuta, sinadarin ya kama, gas ya cika jakar cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa ashirin na daƙiƙa, da gudun da kan kai kimanin kilomita 300 a sa'a. Wannan ƙarfin ne ke ceton wanda ya ɗaura bel yana zaune daidai, kuma shi ne ke iya karya wuya ko hannun wanda ya sunkuya a kanta da sufana.

Cire batir kaɗai bai wadatar ba. An ƙera kwamfutar da ɗan ma'ajin wuta domin ta iya harba jakar ko da batir ya fashe a lokacin karo. Shi ya sa littattafan gyara na Toyota ke umartar a jira aƙalla daƙiƙa 90 bayan cire batir, na Honda kuma minti uku. Wanda ba shi da littafin motarsa ya fi masa aminci ya jira minti goma ko fiye.

Soket da wayoyin jakar iska galibi launin rawaya ne, don a bambance su da sauran. Ba a gwada su da mita ko ƙwan gwaji, domin 'yar wutar gwajin na iya tayar da jakar. Ba a yanke su a ɗaure da salatif. Idan aka ciro jakar, ana ɗaukar ta ne fuskarta na kallon nesa da jiki, a ajiye ta fuskarta na kallon sama, ba tare da an ɗora komai a kai ba, nesa da wuta da yara. Idan aka kife ta kuma ta tashi, za ta yi sama da ƙarfenta kamar an harba ta.

Akwai ƙarin abin lura ga motocin da aka shigo da su bayan an yi amfani da su a ƙasashen waje. Jakunkunan iska na kamfanin Takata na Japan, waɗanda aka yi da sinadarin amoniyam naitiret, an gano cewa zafi da danshi na shekaru kan lalata sinadarin, har gwangwanin ya tarwatse ya watsa ƙarafa ga na cikin mota. An janye kimanin miliyan 67 a Amurka kaɗai, inda sama da mutum 20 suka rasa rayukansu, kamfanin kuma ya durƙushe a 2017. Honda Accord da Civic da Toyota Corolla na wasu shekaru na cikin waɗanda abin ya shafa, ga shi kuma yanayin Legas da Fatakwal da Kalaba irin wanda ke gaggauta lalacewar ne. Mai motar da ta fito daga Amurka zai iya duba lambar jikinta mai harafi da alƙaluma 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, a shafin hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar, wato NHTSA, don ganin ko an sauya mata.

Shiri kafin farawa

Kayan aikin ba su da yawa: sandunan roba masu faɗin baki na ɓalle robobi, sukudireba mai tauraro da mai faɗi, soket lamba 10 da 12, makullin Torx ga motocin da ke da irin ƙusoshinsa, tocilan, salatif na takarda da alƙalami, da ƙananan ledoji. Ɓalle roba da sukudireba na barin tabo ko tsagewa.

Ana ajiye motar a wuri mai inuwa da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a miƙar da tayoyin gaba, a ja birkin hannu. Tun batir na haɗe za a tura kujeru baya a sauke gilasan ƙofa, domin bayan an cire shi ba za su motsa ba. Wasu rediyoyin, musamman na tsofaffin Honda, kan nemi lambar sirri bayan an yanke musu wuta, don haka sai a nemo ta tukuna. Daga nan a zare makulli, a kwance kan batir mai alamar ɗebewa, wanda shi ne haɗe da jikin mota, a kawar da wayarsa gefe yadda ba za ta koma ta taɓa ba.

Idan motar mai haɗa fetur da lantarki ce, kamar Prius, wayoyi masu launin ruwan lemo na ɗauke da wutar da ta haura bolt 200. Waɗannan ba na mai koyo ba ne ko kaɗan.

Yadda aikin ke tafiya

An jera robobin cikin mota ne wani kan wani, saboda haka na waje ke fara fita. Yawanci akan fara da robar dokin ƙofa da ta gefen ƙafa, sai murfin da ke ƙarƙashin sitiyari, sai aljihun fasinja, sai akwatin tsakiya da ke kewaye da giya, sannan rediyo da maɓallan sanyi da agogon gudu.

Ƙa'idar ita ce, duk robar da ta ƙi fitowa akwai ƙusar da ba a gani ba. Masu ƙera motoci kan ɓoye su a ƙarƙashin ƙananan murafu, ko cikin ma'ajiyar kofi, ko bayan hannun buɗe ƙofa. Ana cusa sandar roba kusa da maƙalli ne a ɗaga a hankali, ba a fizga daga nesa ba. Tsohuwar robar da ta sha rana tana da saurin karyewa, kuma ta fi gautsi da sanyin safiyar hunturu, don haka gara a bari gari ya ɗan ɗumama.

Kafin a zare kowane soket, a ɗauki hotonsa da waya, a manna masa takarda mai lamba. Ƙusoshin kowane sashe su shiga ledarsu da sunansa. Ba a jan soket ta wayarsa, sai an danna ɗan harshen da ke kulle shi.

Wurare biyu ne suka fi yawan jawo asara. Na farko shi ne robar ginshiƙin gilashin gaba. A motocin da ke da jakar iska ta gefe, wadda ke saukowa kamar labule, robar na da maƙalli na musamman da ke hana ta tashi ta bugi fuska idan jakar ta buɗe. Idan ya karye, sabo ake sawa, ba gam ko ƙusa ba.

Na biyu shi ne sitiyari. A bayansa akwai zobe mai ɗauke da siririyar waya da aka naɗe, wadda ke kai wuta ga hon da jakar direba yayin da sitiyarin ke juyawa. Zagaye kusan biyu da rabi take da shi ta kowane gefe. Idan aka cire sitiyari aka bar zoben ya juya, ranar da direba ya karya kan mota har ƙarshe wayar za ta tsinke, hon da jakar su daina aiki. Mafita ita ce a manne zoben da salatif inda aka same shi. A motoci da yawa ma ba sai an cire sitiyarin ba, sandarsa ake kwancewa a sauke ta a kan matashi.

Gangar dashbod ɗin kanta na ɗaure ne da notuna a gefe biyu, da tsakiya, da ƙasan gilashi. Mutum biyu ke fitar da ita, domin gefenta na iya tsaga gilashi ko ya yagi kujera.

Gas da ruwan inji

Ko an kai ga akwatin sanyi, ba a kwance bututunsa alhali akwai gas a ciki. Gas ɗin R134a da ke cikin mafi yawan motocin da ke kan titunan Najeriya na ƙarƙashin matsi, kuma idan ya fito sanyinsa kan kai digiri 26 ƙasa da sifili, abin da ke ƙona fata ya kuma iya makantar da ido. R1234yf da ke cikin sababbin motoci kuwa yana iya kama wuta. Sai mai gyaran na'urar sanyi ya zuƙe gas ɗin da injinsa kafin aiki, bayan an gama kuma ya tsotse iska da danshi kafin ya ɗura sabo. Ruwan inji mai launi shi ma guba ne mai zaƙi, don haka ba a barin sa inda yara ko dabbobi za su kai.

Motar da ruwa ya ci

Ambaliya irin wadda ta auka wa Maiduguri a watan Satumban 2024, da wadda ke cika titunan Legas duk damina, kan bar motoci da ruwa a ciki. Ba a tayar da irin wannan mota. Soson da ke ƙarƙashin kafet na riƙe ruwa na makonni ko da saman ya bushe, sai an cire kujeru an fito da shi an shanya. Ƙarƙashin kujerun ma akwai soket masu launin rawaya, saboda haka dokar batir na nan daram. Kwamfutar jakar iska kuma galibi a ƙasa take, ƙarƙashin akwatin tsakiya. Idan ruwa ya taɓa ta, sauya ta ake yi, domin tsatsa na iya hana ta aiki ko ya sa ta harba jakar ba dalili.

Mayarwa da gwaji

Ana mayar da kaya ne daga na ƙarshe zuwa na farko, tare da kula kada roba ko ƙarfe ya danne waya. Batir ne ƙarshen haɗawa. Idan aka kunna makulli alhali wani soket na jakar iska na zare, kwamfuta za ta riƙe laifin, kuma a motoci da yawa fitilar gargaɗin ba za ta mutu ba sai an goge da na'urar bincike.

A kunnawar farko, kada kowa ya zauna gaban sitiyari ko aljihun fasinja. Fitilar SRS za ta kama na kimanin daƙiƙa shida sannan ta mutu. Idan ta ci gaba da ci, akwai matsala. Idan ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an taɓa cire ƙwanta ko an rufe shi don ɓoye lahani, abin da ya kamata mai sayen mota 'yar Kwatano ma ya duba. Bayan haka a gwada hon, da fitilu, da sigina, da agogon gudu, da kowace kafar iska kafin a hau titi.

Robobin ƙofa, da aljihun fasinja, da matatar iska, da rediyo, ayyuka ne da mai haƙuri zai iya yi a gida, kuma maƙallan da suka karye ana samun su a kasuwannin kayan gyara irin su Ladipo a Legas, da Apo a Abuja, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano. Sauke dashbod gaba ɗaya kuwa aiki ne da kan cinye wa gogaggen bakanike yini guda. Inda aikin ya kai ga jakar iska, ko gas, ko wayoyi masu ruwan lemo, kuɗin da za a biya ƙwararre bai kai na asibiti ba.